Masu koyon jitar flamenko, ga inda kuke ta tuntuɓe

Na gaji da ganin sabon ɗan koyon flamenko, kiɗan gargajiyar kudancin Sifen, ya matse sehiya, wato abin da ake ɗaurawa a wuyan jita don a ɗaga sauti, a duk gaɓar da ta yi wa hannunsa daɗi. Malam, muryar mawaƙi ce ke zaɓar gaɓa, kai naka bi ne. Ni ma na sha kunyar nan. Wani tsohon mawaƙi ɗan garin Heres na Sifen ya ce mini "a ta uku, por medio", na ɗaura a ta uku, amma hannuna ya tafi kamun Mi, wato jerin yatsu na sautin Mi da ake kira por arriba, saboda shi na saba. Ya buɗe baki, ya rufe, ya kalli rufin ɗaki. Gumi ya karyo mini. Por medio kamun La ne, kuma gaɓa biyar ce tsakanin biyun: por medio a ta biyu daidai yake da por arriba a ta bakwai, sai dai kowanne da ɗanɗanonsa. Tun ranar, ba na taɓa tsirkiya sai na maimaita wa mawaƙi lambar da kamun da bakina.

Sai masu rondenya, wani salon kiɗan flamenko. Saitin da ake dangantawa da makaɗin jita Ramón Montoya, wanda ya rasu a 1949, tsirkiya biyu yake saukarwa: ta shida daga Mi zuwa Re, ta uku daga Sol zuwa Fa mai ƙari, wato rabin mataki ƙasa da Sol. Kuna sauke ta shida ku manta da ta uku, sannan ku ce jitar ce ba ta da kyau. Haba! Kuma tsirkiyar roba takan koma inda ta saba, don haka nakan sauke, in sha shayi, in dawo in sake gyarawa.

Taranta, wani salon kuma, ba ta buƙatar sabon saiti. Ku bar tsirkiyoyin da ba a danna ba su yi ƙararsu, ita ce gishirin.

A pikado, wato kaɗa sautuka ɗaya bayan ɗaya, yatsa manuniya da na tsakiya karɓa-karɓa suke yi. Maimaita yatsa ɗaya ya ci mini wata shida kafin na kankare shi. Yanzu da fensir nake rubuta yatsan kowane sauti. Alsapuwa kuwa, wata dabarar kaɗa tsirkiya, aikin babban yatsa ne shi kaɗai.

Kada ku buga golpe, wato ƙwanƙwasa fuskar jita da yatsa, a jitar aro marar kariyar fuska, farce zai bar muku bashi.