Yadda na dawo da sifilin lambobin kwastomomi a LibreOffice

Tun da muka koma LibreOffice, manhajar ayyukan ofis, a shago, don kyauta ce kuma ba biyan lasisi, aiki yake tafiya daidai, sai ranar da na buɗe jerin kwastomomi na CSV (fayil ɗin rubutu zalla da ake raba bayanansa da waƙafi) a Calc, ɓangaren LibreOffice na tebur da lissafi. Duk lambobin waya sun rasa sifilin farko, 11 sun koma 10. Ƙ da ɗ na sunaye kuma sun rikiɗe zuwa wasu alamomi.

Na canza font, ba ta fid da ni ba. Na sake girka manhajar, nan ma a banza. Ashe laifina ne: ina danna OK a akwatin Text Import, wanda ke fitowa idan za a buɗe CSV, ba tare da na karanta ba.

Na rufe fayil ɗin ban adana ba, na sake buɗewa. A Character set na zaɓi UTF-8, tsarin haruffa da ya san ƙ da ɗ, nan take sunaye suka gyaru. A Separated by na bar Comma kaɗai. Sannan na danna kan layin lambobin waya a ƙasan akwatin, na mai da Column type daga Standard zuwa Text, na danna OK. Sifili ya dawo.

Na adana da ODS, tsarin fayil na Calc, don kada in maimaita. Alhamdulillahi, na gode wa ƙanena da ya nuna min akwatin.