Yadda za ku zaga Alƙahira da yara a dogon hutu

Dogon hutun makarantu a wajenmu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin da damina ta sanyaya gari. A Alƙahira, babban birnin Masar, kuwa tsakiyar zafi ke nan. Rana takan kai maki 35 ko ta wuce, ba hadari, ba ɗigon ruwa. Duk tsarin da zan faɗa muku daga nan ya samo asali: wuri ɗaya babba a rana, a fita da sassafe, a dawo masauki wajen azahar, a sake fita wajen la'asar. Iyalin da suka ce sai sun ga wuri uku kafin faɗuwar rana za su gani ɗin, amma da yaro mai kuka a kafaɗa da maigida mai ɗaure fuska.

Mun zaɓi Masar ne saboda jirgin EgyptAir yana tashi daga Kano kai tsaye, ba sai an kwana a wani filin jirgi da yara ba. Ga abinci na halal ko'ina, ga masallaci a kowane lungu, ga ɗan Larabcin Islamiyya da yake fitar da mutum kunya, ko da yake Larabcin titin Alƙahira wani abu ne daban.

Takardu su ne farko, kuma a fara su tun ana zangon karatu na uku. Kowane yaro da fasfo ɗinsa, har jariri, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Biza daga gida ake nemanta. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga wanda ya taso daga Najeriya, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, saboda haka ba abin da za a bari sai ana jibi tafiya ba ne. Ku haɗa da katin rigakafin yaran na asibiti da takardun haihuwarsu. Idan uwa ce kaɗai za ta tafi da su, ta riƙe takardar amincewar uban da sa hannunsa. Ni nakan ɗauki hoton kowace takarda a waya, in kuma buga kwafi in sa a wata jakar daban.

Maganar magani kuma a yi hattara. Masar ba ta wasa da tramadol, an ɗaure baƙi a kansa. Duk maganin da za a ɗauka ya zauna a kwalinsa, da takardar likita idan na mai ciwo ne. Abin da yara za su buƙata bai wuce farasitamol da ruwan gishiri da sukari na leda da zinc ba, don sauyin ruwa da abinci yakan taɓa ciki. Ruwan gora za a sha, ba na famfo ba.

Wajen masauki, ni ina bayan a kama gida mai kicin maimakon ɗakunan otal biyu. Misirawa suna ce masa shaƙƙa, kuma ana samu a Dokki da Zamalek da Madinatu Nasr. Kicin ɗin ne zai cece ku ranar da autar gida ta ce ita kunu take so da ƙarfe shida na safe. Ku tafi da garin kunu da yaji da ɗan garin kuka, sauran kaya akwai su a can. Abu biyu za a tambaya kafin a biya: na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a kowane ɗaki? Lif yana aiki? Hawa na bakwai da yaro mai barci da ledojin ruwa ba wasa ba ne. Idan kuna da ɗan uwa ko ɗan unguwa cikin ɗalibanmu da ke karatu a Azhar, ku roƙe shi ya je ya gano gidan da idonsa. Da yawansu a wajen Madinatu Nasr suke zaune, sun san gari, sun san farashi. A yi musu alheri, ɗalibai ne.

Ranar farko kada a je ko'ina. A lokacin zafi agogon Masar yana gaban namu da awa biyu, magariba sai bayan ƙarfe bakwai, barcin yara zai rikice. A sayi layin waya tun a filin jirgi, a canji ɗan kuɗi zuwa fam ɗin Masar, a nemo shagon da ke kusa, a kwanta. Uber da inDrive suna aiki, kuma sun fi tasi ta titi sauƙin rai tunda ba ciniki. Sai dai lambobin motocinsu da lambobin Larabci aka rubuta, to a ba babban yaro aikin karanto su, zai ji daɗi.

Kafin ku bar gida ku tabbatar katin bankinku yana aiki a waje. Manyan wuraren tarihi yanzu da kati ake biyan tikiti, ba sa karɓar tsaba. Kuɗin baƙo daban da na ɗan ƙasa, yara kuma ana musu rangwame gwargwadon shekaru, don haka fasfo ɗinsu ko hotonsa ya kasance a hannu.

Sai dalolin Giza, manyan gine-ginen dutsen nan na kaburburan tsoffin sarakunan Masar, waɗanda don su aka zo. Ku isa da zarar an buɗe ƙofa. Kowa da hula, kowa da gorar ruwa, takalmi rufaffe, don yashi da duwatsu suna ɗaukar zafi. Keken tura jariri ba shi da amfani a nan. Zanen goyo ya fi komai. Babbar dalar, ta sarki Kufu, ta kai shekara 4,500, kuma tsayinta na asali ya kusa mita 147. Waɗannan lambobin ba su dami yaro ba. Abin da zai kama shi shi ne ku kai shi gindin dalar ya tsaya jikin dutse ɗaya na layin ƙasa. Ɗana mai shekara bakwai ya miƙa hannu sama yana ɗage, da ƙyar yatsunsa suka taɓa bakin dutsen, sai ya ɗaga kai yana ƙirga layukan, ya ɓata lissafi, ya sake farawa. Daga nan tambayoyi suka ɓarke: wa ya ɗora, da me aka ɗaga, ina motar take. Ku bar shi ya yi ta tambaya, ba sai kun san amsar duka ba.

Shiga cikin dalar tikitinsa daban, kuma ban ba da shawarar a shiga da ƙananan yara ba. Hanyar matsattsiya ce, a sunkuye ake hawa wani sashe, ga zafi ga ƙarancin iska, in an isa kuma ɗaki ne ba ado sai akwatin dutse wanda ba komai a ciki. Matashi ɗan shekara sha biyu zuwa sama zai ji daɗin abin, uba ya raka shi, sauran su jira a inuwa. Hawa jikin dalar ta waje haramun ne a dokarsu.

Masu raƙuma da dawakai za su yanyame ku. Yaran da suka saba ganin raƙumi a gida ma sai sun ce za su hau, saboda hoto. A yi ciniki kafin kowa ya taka: nawa ne, na mutum nawa, zuwa ina, da fam ɗin Masar ko da wane kuɗi, kuma har da saukewa. Kada ku yi dariya, raƙumi in ya miƙe da yaronka a kai, cinikin ya koma hannun mai raƙumi. Duk wanda ya ɗora wa yaro rawani ko ya miƙa masa ɗan gunki ya ce kyauta ne, a mayar masa nan take. “La, shukran” a faɗa sau ɗaya, a ci gaba da tafiya. Ku ƙare da Abul Haul, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, ku bar wurin kafin sha ɗaya.

Sabon babban gidan tarihin da ke kusa da dalolin, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025, a ba shi ranarsa daban duk da kusancin. Tun daga zaure mutum-mutumin sarki Ramsis na biyu mai tsayin mita 11 zai tare ku. A nan aka tara kayan sarki Tutankamun sama da 5,000, waɗanda aka gano a kabarinsa a 1922. Tun a mota ku gaya wa yaran cewa wannan sarkin yana da kamar shekara tara ya hau mulki, bai kai ashirin ba ya rasu. Da wannan labarin sai su shiga neman kujerarsa da takalmansa da gadonsa da kansu. Dabarar da nake yi a kowane gidan tarihi ita ce in ba kowane yaro abu uku da zai nemo, kyanwa ko jirgin ruwa ko kwari da baka. Awa biyu ta isa. Da kun ga sun fara zama a ƙasa, lokaci ya yi.

Gawarwakin sarakunan kuwa suna wani gidan tarihin a Fusɗaɗ, inda aka mayar da guda 22 a watan Afrilun 2021. Ɗakin a ƙasa yake, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a hayaniya. Gawa ce ta gaske, da gashi da haƙora da farce. Ku auna yaranku kafin ku shiga. Mai firgita cikin dare ya zauna a sama da ɗaya daga cikinku. Waɗanda suka shiga kuma tambaya ɗaya za su yi: wanne ne Fir'aunan Annabi Musa? Za ku ji mutane suna nuna Ramsis na biyu, wasu suna nuna ɗansa Marnafta. Masana ba su haɗu a kan ɗaya ba, Alƙur'ani kuma bai ambaci sunansa ba, to haka za a gaya wa yaro. Masallacin Amru bin Asi, na farko da aka gina a Masar, yana nan kusa, sai a yi azahar a can.

Tsakar rana ta barci ce, har da manya. Alƙahira gari ne na dare, shaguna da gidajen abinci a buɗe, iyalai da jarirai a titi har sha biyu, saboda haka ba abin da kuka rasa.

Yammaci na tsohon gari ne. Ku yi la'asar a masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a shekarar 970. Yana da kyau yara su ji cewa ɗalibai daga ƙasashenmu sun daɗe suna zuwa nan, har akwai sashen da aka san shi da sunan mutanen Borno. Tsakar gidan shimfiɗe yake da farin dutse, ƙananan yara za su so gudu a kai, a riƙe su. Daga nan a tsallaka zuwa masallacin Husaini da kasuwar Kan Halili. Lungunanta matsattsu ne kamar na Kurmi, kuma yaro yana iya ɓacewa cikin ƙiftawar ido. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar wayarku ta Masar, a kuma raba su tun daga mota: wannan na Baba, wannan na Mama. Farashin farko da za a faɗa muku na baƙo ne, a taya ƙasa sosai. Wata yammar ku je lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005, akwai ciyawa da wurin wasa, ana hango ganuwar Salahuddin da hasumiyoyin gari, kuma kiran sallar magariba yakan taso daga ko'ina lokaci guda. Wata kuma ku ɗauki jirgin ruwa mai filafilai, faluka, na awa ɗaya a kan kogin Nilu. Ku nemi rigar ruwa ta yara kafin ku shiga, in babu ku nemi wani jirgin.

Tsallaka titi a Alƙahira sai da dabara, don motoci ba sa tsayawa. Ku raɓi wani ɗan gari, ku sa shi ta ɓangaren da motoci ke tahowa, ku taka tare da shi, ƙananan a hannu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da taragun mata zalla, ya yi wa uwa da 'yan mata daidai, amma ban da lokacin tashi daga aiki.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Koshari shinkafa ce da taliya da wani ƙaramin wake, da miyar tumatir da soyayyar albasa a kai, ga araha ga cika ciki, kuma yajin a gefe ake kawo shi. Ɗa'amiyya ƙanwar ƙosai ce, yara ba sa gardama da ita. Akwai gasasshiyar kaza, akwai ruwan rake, kuma Agusta lokacin mangwaro ne a can. Ganyen da ba a dafa ba da ƙanƙarar kan titi ne nake hana ƙananan. A riƙa ajiye canji a aljihu, don mai kula da banɗaki da mai ajiye takalma a masallaci duk suna sa ran ɗan wani abu, kuma a tafi da takardar goge hannu.

Idan hutun da tsawo, ku ware kwana biyu ku je Iskandariyya, birnin da ke bakin teku. Jirgin ƙasa daga tashar Ramsis yakan yi kamar awa uku. Yaron da ya tashi a Kano ko Zinder bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba, wannan kaɗai ya biya kuɗin tikiti. Ku kai su ganuwar Ƙaitbai da ke bakin teku da ɗakin karatun da aka buɗe a 2002. A Agusta Misirawa ma can suke hutu, bakin ruwa cike yake maƙil, sai a kama masauki da wuri. Luksor da Aswan kuwa a bar su sai hutun Disamba, zafinsu a wannan lokacin yakan haura maki 40.

Tsaraba a bar ta sai kwanakin ƙarshe, a kuma auna jakunkuna tun a masauki, don jallabiyoyi da littattafai suna da nauyi. Kowane yaro a ba shi ɗan kuɗinsa ya yi wa abokansa da malamin Islamiyya sayayya da kansa. Ranar dawowa a isa filin jirgi awa uku kafin tashi, bincike ba ɗaya ba ne, kuma kowanne sai an sauke goyo. Tikitin dawowar ya kasance aƙalla mako guda kafin a koma makaranta, saboda akwai ɗinkin yunifom da sayen littattafai da gyaran barcin da ya koma na Alƙahira.