Kurakuran da masu gwada motar gangara suka fi yi, da yadda muke gyara su a Ngaundare

Duk shekara, da zarar damina ta ɗauke a ƙarshen Oktoba, sai ka ga samari sun fito da motocin gangara da suka ƙera a gida suna turawa zuwa kan tudu. Ni mai walda ne a Ngaundare ta ƙasar Kamaru, kuma mu 7 ne muke haɗuwa ran Lahadi a kan wannan wasa. Kusan duk sabon rukunin da ya tashi a unguwanninmu sai ya biyo ta shagona, ko neman boris, ko a liƙe musu ƙarfen taya. Tambayarsu ɗaya ce: "Kawu, ya za a yi ta ƙara gudu?" Har yau ban ga wanda ya fara da tambayar yadda za ta tsaya ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin shago, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai sani ba, motar gangara ba ta da inji, ba ta da feda. Nauyinta da na direba ne ke gangaro da ita daga tudu. Masu jin Faransanci a nan suna ce mata caisse à savon, wato akwatin sabulu. A Amurka aka mayar da ita gasa: a 1933 wani mai ɗaukar hoton jarida, Myron Scott, ya ga yara suna tsere da irinta a garin Dayton na jihar Ohayo, a 1934 aka yi gasar ƙasa ta farko, a 1935 aka mayar da ita garin Akron, shekara guda bayan haka aka gina mata filinta, wanda a yau hanyar tserensa ke da tsawon kusan mita 300. Abin da yaranmu ke mantawa idan suna kallon bidiyon a waya shi ne wancan fili don motar aka gina shi, har da wurin tsayawa a ƙarshensa. Mu kuwa titin unguwa gare mu, ga babura, ga awaki, ga lambatu a gefe da gefe.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne ci mini rai, shi ne a gama ƙera mota da daddare, da safe a kai ta can ƙololuwar gangare a sa yaro a ciki a saki. Ni ma na yi shi, kuma ba ni na biya kuɗinsa ba, ɗan yayata ne ya biya da hannunsa. Shekararsa 13 a lokacin. Birkin da na yi wa motar sandar katako ce da ake ja da hannun dama, tana danne tayar baya ta dama ita kaɗai. A tsakar gida mun gwada, wani ya turo motar, yaron ya ja sandar, ta tsaya cak, muka ce shi ke nan. Washegari muka hau tudu. Da motar ta ɗauki gudu ya tsorata, ya saki igiyar sitiyari da hannu ɗaya don ya kama birki, taya ɗaya ta kame, ɗayar tana ci gaba da juyawa, motar ta juya dama ta faɗa lambatu. Ƙashin hannunsa ya karye kusa da wuyan hannu. Sai da ya yi makonni bai riƙe alƙalami ba, ga jarrabawa a gabansa. Da na kai shi gida mahaifiyarsa ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi: "Kai da kanka ka shiga motar kafin ka sa shi?" Na ce: "A'a, Yaya." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma har yanzu tambayar nan ba ta bar ni ba.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne, tsayawar mota a tsakar gida ba ta nuna komai. Gudun motar gangara ya dogara ne a kan tsayin da ta sauko. A lissafi, idan ba a sa gogayya da iska ba, saukowar mita 5 na ba da gudun kusan kilomita 36 a awa, mita 10 kuma kusan kilomita 50. Kuma idan gudu ya ninka sau 2, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake yi sau 4. Birkin da ya tsayar da kai a taku 3 a ƙasan tudu, idan gudun ya ninka daga sama zai nemi taku 12, idan ma sandar ba ta ɓalle ba. Mutum yana tsaye a kan tudu yana kallon ƙasa, ido ba ya gaya masa wannan. Gangaren da ka saba hawa da ƙafa kullum ba ka ganin girmansa sai kana zaune santimita 10 daga kwalta.

Ga yadda muke yi yanzu, kuma ba na sassautawa kowa. Birki da ƙafa ake taka shi, hannu biyu ba sa barin sitiyari. Ni na fi son katako mai kauri da aka lulluɓe da yankin tsohuwar tayar mota, yana danna ƙasa a tsakiyar motar daga baya. Wasu abokaina sun fi son sanda ɗaya da ke danne tayoyin baya biyu lokaci guda, kuma ita ma tana aiki, amma takan cinye taya. Da noti ake ɗaure birki, ban yarda da ƙusa ba, domin ƙusa zarewa take yi daidai lokacin da aka fi matsa mata. Sannan gwaji daga ƙasa yake farawa. Muna shata layi da alli ko toka a taku 10 daga gindin gangare, a saki motar, a taka birki a kan wata alama, a auna inda ta tsaya. Sau 3. Idan ta tsaya a miƙe, a koma taku 20, sannan 40. Ranar farko ba ma wuce rabin tudu ko da komai ya tafi daidai. Kuma wanda ya ƙera motar shi ne ke fara shiga. Idan kana jin tsoron abin da hannunka ya yi, da wace fuska za ka sa ɗan wani a ciki? Ku da kuke zaɓen yaro mafi ƙanƙanta wai don ba shi da nauyi, ku ji tsoron Allah. Shi ne mafi ƙarancin ƙarfin taka birki, shi ne kuma ba zai iya ce muku a'a ba.

Sitiyari ma a nan yake shiga. Yawancin motocinmu ƙarfen gaba ɗaya ne ke juyawa a kan noti guda a tsakiya, ana jansa da igiya. Idan taya ɗaya ta bugi dutse, ƙarfen fizgewa yake yi gaba ɗaya. Ka kafa ƙananan katakai biyu da za su tare shi, ya zamana ɗan kaɗan kawai yake iya juyawa kowane gefe. Igiyar roba kuma tana miƙewa da zafi, ka nemi wayar birkin babur.

Kuskure na biyu bai karya ƙashin kowa ba, amma ya cinye mana rani guda cur da kuɗi masu yawa. Muna son motarmu ta fi ta wani rukuni gudu, sai kowace Lahadi kowa ya zo da dabararsa. Wannan ya canja boris, wancan ya ƙara wa taya iska, wani ya sa dutse a baya, ni kuma na sake wa gaban siffa, duk a rana ɗaya. A sauko, a duba agogon waya, a ga an samu rabin daƙiƙa, kowa ya ce tasa dabarar ce. Mako mai zuwa a rasa rabin daƙiƙar, a fara zargin juna. Har ta kai biyu daga cikinmu sun daina gaisawa a kan boris. Na sayi tayoyi sabbi har sau biyu da kuɗin gumina, daga baya na gane tsofaffin ba su da laifi.

Laifin a wurin awo yake. Wanda ke danna agogo da yatsa yakan yi kuskuren kusan kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa, kuma motar da ke gudun mita 10 a daƙiƙa tana cin mita 2 a wannan ɗan lokaci, wato tsawon mota guda. Ga mai turawa: yau ya saki a hankali, gobe ya ɗan ingiza ba da saninsa ba. Ga iskar hunturu, wadda daga Disamba zuwa Fabrairu takan taso da hantsi. Idan gangarenka yana fuskantar arewa maso gabas, motar ƙarfe 7 na safe da ta ƙarfe 10 ba ɗaya ba ce, ko ba ka taɓa noti ɗaya ba. Mu duk ba mu lura da wannan ba, muna ta jayayya a kan abin da ba mu auna ba.

Yanzu abu ɗaya ake canjawa a kowane gwaji, ɗaya tak, kuma kowa ya jira layinsa. Ba a tura mota: muna sa guntun katako a gaban taya, a ɗaura masa igiya, a fizge daga gefe. Direba ɗaya, hanya ɗaya. Ana saukowa sau 5 kafin canji, sau 5 bayansa, a jefar da mafi sauri da mafi nawa, a duba sauran. Maimakon agogo, waya ɗaya ke ɗaukar bidiyo daga inda ake ganin farko da ƙarshe, domin yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, ana iya ƙirgawa a natse a gida. Idan motoci biyu ne, su sauko tare, sannan su musanya gefe su sake. A gasannin Amurka ma haka ake yi, har tayoyi suke musanyawa tsakanin zagaye biyu don kada wani ya ci da sa'ar taya. Komai kuma ana rubutawa a littafi: rana, lokaci, iska, abin da aka canja. Littafin nan na sefa kaɗan ya fi duk tayoyin da na saya amfani.

Da littafin ne muka gano cewa abin da ke cinye mana gudu shi ne ƙarfen baya bai daidaita da na gaba ba. Motar tana tafiya a ɗan karkace, tayoyi suna gogar ƙasa ta gefe, direba yana ta gyara sitiyari. Gane shi ba wuya. Ka auna da zare daga bakin ƙarfen gaba na hagu zuwa bakin na baya na dama, sannan ka auna ɗaya gicciyen. Dole su zo daidai. Bayan haka ka kulle sitiyari, ka ingiza motar a kan daɓen siminti, ka ga ko za ta miƙe. Ka sake awon da direba a zaune, domin siririn ƙarfe yana lanƙwasawa da nauyi, tayoyi su buɗe.

Maganar nauyi kuwa an cika ta da ƙari. Galileyo ya nuna tun kusan shekara 400 da suka wuce cewa mai nauyi da marar nauyi tare suke faɗowa idan ba iska. Nauyi yana taimaka wa mota ta keta iska, shi ke nan, ba ya ninka gudu, amma yana ƙara wa birki aiki. Gaskiya ne sa shi a baya na da ɗan amfani, tun da a kan gangare baya ya fi gaba tsayi: idan tsakanin tayoyi mita 1.5 ne, gangaren kuma yana sauka mita 1 a kowace mita 10, bambancin santimita 15 ne. Sai dai idan ka wuce gona da iri gaba zai yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Ni kashi 6 cikin 10 nake barin wa baya. Kuma nauyin ya zama ƙarfe ne da aka ɗaure da noti a ƙasan mota. Dutsen da aka ajiye sake a bayan yaro, ranar da aka yi karo bayansa zai nufa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka cika boris da giris mai kauri, ka wanke shi da kananzir ka ɗiga mai marar kauri, irin na keken ɗinki, ka sake bayan kowace fita saboda ƙura. Babbar tayar keke ba a yi ta don matsin gefe ba, takan naɗe a kwana, ƙaramar ta fi juriya. Iska sosai a taya na da kyau a kwalta mai santsi, a jar ƙasa kuwa tsalle motar za ta yi ta yi. Direba ya kwantar da kai, ya bar babbar riga a gida, tana kama iska kuma tana iya shiga taya. Hular kwano ta babur, takalmi rufaffe, ba silifa ba. Bayan kowane saukowa 3 a bi notuna da sifana.

Wurin gwaji shi ne abin da na fi yi wa samari faɗa a kai kwanan nan. Na ji wasu suna maganar zuwa falez, gangaren nan na hanyar Garwa. Hanyar manyan motoci ce masu ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa Marwa da Njamena, direbobin da suka shekara a kanta ma da addu'a suke saukarta. Kada wanda ya kai motar katako can. Ku nemi gajeren titi a cikin unguwa wanda ƙarshensa fili ne shimfiɗaɗɗe, ba mararraba ba, ba bakin kasuwa ba. Ku je ku gaida mai unguwa ku gaya masa tun jajibiri. Ku share tsakuwa da yashi, ku jera tsofaffin tayoyi a bakin lambatu, ku tsayar da babban mutum ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ɗaya a kowane lungu da babur zai iya ɓullowa. Na ƙasa ne ke ba da izinin saki ta hanyar ɗaga tsumma, ba na sama ba, domin shi ke ganin abin da ke tahowa. Mu ƙarfe 6 da rabi muke farawa, kafin 9 mun kwashe kayanmu, lokacin titi bai cika ba iska kuma ba ta taso ba.