Darasi na 7: Tafiya cikin hamada da buɗaɗɗen ido

A wannan darasi za mu karanta bayanin hamada: yadda take, abin da ke cikinta na ban sha'awa, da shirin da matafiyi zai yi kafin ya shige ta. Akwai ɗan lissafi a tsakiya, akwai aikin rubutu a ƙarshe. Malami ya fara karantawa da ƙarfi, a hankali, sannan kowa ya ɗauki sakin layi ɗaya. Wanda kalma ta cije masa ya tsaya ya tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Mece ce hamada?

In an ce hamada, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne rairayi, tudu bayan tudu, da raƙumi yana ratsawa. Akwai wannan, amma ba shi ke nan ba. Masana suna kiran wuri hamada idan ruwan saman da yake samu a shekara bai kai milimita 250 ba. Wato da za a ajiye bokiti a fili shekara guda, a ce ruwan da ya taru bai ƙafe ba, zurfinsa ba zai kai tsawon rular 'yan makaranta ba. Ke nan ƙarancin ruwa ne ke sa a kira wuri hamada, ko da zafi ko babu. Hamadar Gobi, wadda ta ratsa Mongoliya da Sin, sanyinta kan kai digiri 40 ƙasa da sifili a lokacin hunturu, raƙumanta kuma masu tozo biyu ne da gashi mai kauri.

Cikin hamadu masu zafi, Sahara ce babba. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 9, daga Tekun Atilantika har Bahar Maliya. Amma tuddan rairayi ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu nata ba. Sauran fako ne mai tsakuwa, da shimfiɗaɗɗen dutse, da tsaunuka, da kwaruruka. Ita kanta kalmar "hamada" daga Larabci ta zo, kuma a can tana nufin fili mai dutse wanda iska ta share wa rairayi. Wanda yake son ganin rairayi zalla, iya ganin ido, to Rub'ul Khali da ke kudancin yankin Larabawa ita ce wurin, faɗinta kusan murabba'in kilomita 650,000.

Abin da ido zai gani

Mutane da yawa sun ratsa hamada sun fito suna cewa babu komai a ciki. Ni ban yarda da wannan magana ba. Da tsakar rana suka kalle ta, ta gilashin mota, suna sauri. A lokacin rana tana tsaka, haske ya wanke komai, tudu da kwari duk sun zama fari fat, ido ma ba ya buɗuwa sosai. Hamada tana nuna kanta ne sau biyu a yini: da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana.

Ku tashi tun da asuba, kafin gari ya waye. Da farko rairayin toka-toka ne, da sanyi a tafin ƙafa. Rana na leƙowa sai gefen kowane tudu ya kama ja kamar garwashi, ɗaya gefen kuma yana cikin inuwa mai duhu, tsakaninsu layi siriri kamar an ja shi da wuƙa. Cikin 'yan mintoci jan ya koma ruwan zuma, sannan ruwan ɗorawa. Wanda ya tsaya naɗe shimfiɗa a wannan lokaci ya yi asara, a bar naɗin sai an jima.

Iska ce magina a hamada. Idan tana busawa daga gefe ɗaya kullum, sai tudu ya fito kamar jinjirin wata, ƙahonninsa biyu suna nuna inda iskar ta nufa. Idan tana zuwa daga ɓangarori da yawa, sai ya yi rassa kamar tauraro. Wannan ilimi ne mai amfani ga mai tafiya. Gefen da iska ke bugawa yana da sauƙin hawa, rairayinsa a danne yake. Ɗaya gefen yana da gangara sosai, kuma da laushi, ƙafa na nutsewa har idon sawu. A hamadar Namib, a ƙasar Namibiya, akwai tuddan da tsayinsu ya haura mita 300, jajaye, saboda ƙwayoyin rairayin suna ɗauke da tsatsar ƙarfe. A wasu wurare kuma idan rairayi ya zamo daga saman tudu yakan yi wani gurnani mai zurfi, kamar ana kaɗa babbar ganga daga nesa.

Kafin iska ta tashi, ku sunkuya ku dubi ƙasa. Duk abin da ya yi yawo da dare ya bar rubutunsa: ɗigo-ɗigon sawun ƙwaro, jan cikin maciji, sawun ƙadangare da layin wutsiyarsa a tsakiya, sawun yanyawa mai manyan kunnuwa, wani lokaci har kofaton barewa. Mu da muke koyon haruffa mun san daɗin ranar da alama ta fara yi wa mutum magana. Haka sawu yake ga masanin hamada, yana karanta shi layi-layi, ya gaya maka wa ya wuce, ina ya nufa, a guje ko a tsanake.

Rayuwa a nan ta masu haƙuri ce. A Namib ruwan sama ƙalilan ne, amma hazo mai laima yana shigowa daga teku da safe. Akwai wani ƙwaro da ke hawa saman tudu ya dukar da kai, ya ɗaga bayansa sama, laimar ta taru a jikinsa ta gangaro bakinsa ya sha. Akwai kuma wani tsiro mai suna Welwitschia, ganye biyu kacal yake da su duk rayuwarsa, kuma yana iya wuce shekara 1,000. A hamadar Atakama da ke ƙasar Chile, ɗaya daga cikin wurare mafi bushewa a duniya, iri yakan kwanta a ƙasa shekaru yana jira. Shekarar da ruwa ya sauka sosai, sai fakon ya rufe da furanni, shuɗi da fari da ja. Raƙumi ma a gyara fahimta a kansa: kitse ne a tozonsa, ba ruwa ba kamar yadda wasu ke zato, kuma in ya samu ruwa bayan doguwar ƙishirwa yana iya shan lita 100 a tsayuwa ɗaya.

Sai dare. Babu hayaƙi, babu fitilun gari, babu laima a iska, don haka taurari suna fitowa da yawan da mai zaman birni bai taɓa gani ba. Ga Kaza da 'ya'yanta, ga wata farar hanya ta taurari ta ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan, ga Gamzaki in asuba ta kusa. Saboda wannan tsabtar sama ne aka kafa manyan na'urorin hangen taurari a Atakama. Ku kashe tocila, ku ba idanunku kamar minti 20 su saba da duhu. Ku yi shiru kuma. Shirun hamada har nauyi gare shi, mutum yakan ji numfashinsa.

A tsaunukan Tassili n'Ajjer na ƙasar Aljeriya akwai zane-zane fiye da 15,000 a jikin duwatsu: shanu, giwaye, raƙuman dawa, makiyaya da mafarauta. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da ilimi da al'adu, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1982. Zanen shaida ne cewa Sahara ta taɓa zama kore, da tafkuna da ciyawa, kafin ta bushe kimanin shekaru 5,000 da suka wuce.

Shiri kafin tafiya

Mai ƙishirwa ba ya ganin kyan tudu, mai fargaba ba ya kallon taurari. Shi ya sa shiri yake cikin wannan darasi. Wanda ya san ruwansa ya isa, jagoransa ya san hanya, shi ne hankalinsa zai kwanta har ya kalli abin da ya zo gani.

Farko dai jagora. Kada kowa ya shiga hamada shi kaɗai, ko da yana da waya mai nuna taswira. Batir yana mutuwa, sabis yana ɗaukewa, iska kuma tana shafe sawun mota cikin sa'a guda. A nemi ɗan yankin da ya san rijiyoyi da dausayi, a tambayi hukuma ko hanyar lafiya lau take kuma ko ana buƙatar takardar izini. A gaya wa wani a gida hanyar da za a bi da ranar dawowa. In da mota za a tafi, motoci biyu sun fi ɗaya, da shebur, da igiyar ja, da famfon taya, don a kan rage iskar taya kafin a hau rairayi mai laushi, a mayar in an fito.

Tufafi su zama masu faɗi, masu haske, su rufe hannu da ƙafa, da mayafin rufe kai da hanci. A riƙe bargo ko rigar sanyi. Da yake babu gajimare da zai riƙe zafin yini, dare yana yin sanyi ƙwarai, a hunturu har ruwa kan daskare a wasu sassan Sahara. A yi tafiya da safe da yamma, tsakar rana a nemi inuwa a huta.

Mu yi lissafin ruwa

A ƙaddara lita 5 ga kowane mutum a rana, na sha kawai, a lokacin zafi kuma a ƙara. Kullum a haɗa da ruwan kwana 2 na ko-ta-kwana.

Misali: mutum 6 za su yi tafiyar kwana 4. Kwana 4 da kwana 2 sun zama 6. A rana ɗaya suna buƙatar 6 × 5 = lita 30. A kwana 6 kuma 30 × 6 = lita 180. Idan jarka ɗaya tana cin lita 20, to 180 ÷ 20 = jarka 9.

Yanzu ku gwada: mutum 4 za su yi kwana 3. Lita nawa za su ɗauka, kuma jarka nawa ke nan?

Kada a zuba ruwan duka a mazubi ɗaya, in ya fashe an shiga uku. Kada kuma a jira sai ƙishirwa ta kama kafin a sha, a riƙa kurɓa a kai a kai. Fitsari mai duhu, ciwon kai da jiri alamu ne cewa ruwan jiki ya yi ƙasa. A kai mutumin inuwa, a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ya riƙa sha kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko jikinsa ya yi zafi rau, abin ya yi tsanani: a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a nemi asibiti da gaggawa.

Abubuwan da ke yaudarar baƙo

Kawalwalniya ita ce ta farko. Mutum ya hango ruwa yana ƙyalli a gaba, ya bi, ruwan ya yi ta matsawa. Iskar da ke dab da ƙasa ce ta yi zafi har tana lanƙwasa haske, sai hoton sararin sama ya bayyana a ƙasa. Abin kallo ne mai kyau, amma kada a saki hanya dominsa.

Busasshen kwari ma yana ruɗi. Ga rairayi mai laushi, ga inuwar itace, sai mutum ya so kwana a ciki. Ruwan da aka yi a kan tsauni mai nisa yana iya gangarowa cikin dare kamar bango, alhali sama garau take a inda kake. A yi zango a kan tudu. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa, kunama tana son irin wannan maɓoya. In guguwar rairayi ta taso, a tsaya wuri ɗaya, a juya mata baya, a rufe hanci da baki. In mota ta lalace, a zauna kusa da ita, domin masu nema sun fi saurin hango mota da su hango mutum.

A bar wuri yadda aka same shi

A hamadar Tenere ta ƙasar Nijar an taɓa yin wata itaciyar ƙaya ita kaɗai tilo, babu wata kusa da ita. Saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 kafin su taɓa ruwa. Ayari bayan ayari sun wuce ta, ba wanda ya sare ta don itacen wuta. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai, a gurbinta kuma an kafa wata ta ƙarfe. Duk sanda na tuna wannan labari sai raina ya sosu. Abin da ya ɗauki shekaru masu yawa yana girma a hamada, minti ɗaya ya isa a hallaka shi. Don haka a kwashe leda da gwangwani a fito da su, kada a karya reshe ɗanye, kada a rubuta suna a kan tsohon zane, kada a zuba sabulu a bakin rijiya. Mutanen da aka tarar a wurin kuma gidansu ne, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauke su hoto.

Aikin aji

A rubuta waɗannan kalmomi sau uku uku, a kula da haruffa masu ƙugiya: ƙishirwa, raƙumi, faɗi, ɓata, dausayi, kawalwalniya.

A amsa da baki, sannan a rubuce: Me ke sa a kira wuri hamada? Don me bai kamata a kwana a busasshen kwari ba? Wane gefen tudu ne ya fi sauƙin hawa, kuma me ya sa?

Aikin gida: gobe kowa ya fita waje kafin rana ta fito, ya tsaya minti 10 yana kallon gabas. Ya rubuta jimla 3 a kan launukan da ya gani, bi da bi yadda suka sauya, ya zo da su aji mu karanta tare.