Darasi na 7: Ɗaure ciyawa da ajiye ta don rani

A yankinmu, daga Garwa zuwa Marwa har Kuseri, ruwa yakan ɗauke a watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu ko Yuni. Wata bakwai ke nan ko fiye dabba tana jiran sabuwar ciyawa. Duk mai kiwo ya san yadda saniya take komawa da bazara, haƙarƙari a waje, nono ya ƙafe. A kasuwa kuma damin harawar da aka raina da kaka ya ninka kuɗi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jira. Mutum yakan bar ciyawa ta bushe a tsaye sannan ya ɗauki lauje, alhali a lokacin ƙarfinta ya tafi cikin iri, saura kara. Kyasuwa da gamba da harkiya ana yankarsu ne suna kore, daidai lokacin da suka fara fitar da kai. Na san lokacin yana haɗuwa da aikin gona, hannu ba ya isa. Duk da haka, kwana biyu da ka ware wa yanka a ƙarshen damina sun fi maka mako guda na yawon neman ciyawa a watan Maris.

Ka yanka da hantsi, bayan raɓa ta bushe. Ka baza ta, kana juyawa, kwana biyu zuwa uku. Don ka gane ta yi, ɗebi cikin hannu ka murɗa. In ta yi danshi a tafinka, da saura. In ta karairaye ta zama gari, ta wuce. Wadda ta yi daidai tana ɗan yin ƙara in ka murɗa, launinta kore-kore, ga ƙamshi.

Harawar gyaɗa da ta wake suna son kulawa ta musamman, domin abincin yana cikin ganye. Ka ɗaure su da sassafe, lokacin da ganyen ya ɗan yi laushi. Wanda ya ɗaure da tsakar rana zai bar rabin amfanin a ƙasa, ya kai kara gida.

Ga hanyar ɗauri da ba ta buƙatar inji. Sa kafinta ya yi maka akwatin katako marar gindi marar murfi, tsawo mita 1, faɗi santimita 50, zurfi santimita 40. Shimfiɗa igiya biyu a ciki, bakinsu yana rataye a waje. Zuba ciyawa kaɗan, shiga ka tattake, musamman kusurwoyi, sannan ka ƙara. In ya cika, ja igiyoyin da ƙarfi ka ɗaure, ka ɗaga akwatin. Dami zai fito kamar bulo, mai sauƙin jerawa da ƙirgawa da ɗorawa a amalanke. In babu katako, rami mai wannan girma ma yana yi.

Kada ka naɗe busasshiyar ciyawa ruf da leda. Za ta yi gumi, ta yi fumfuna, kuma ciyawa mai fumfuna tana sa dabba ciwo. Ka jera duwatsu, ka ɗora itatuwa, sannan damman, yadda iska za ta bi ta ƙasa. Zuba toka kewaye, kana dubawa saboda gara. Sama ka rufe da zana ko tamfol, gefe a buɗe. Mun saba ɗora harawa a kan rumfa a fili. Akuya ba ta kai wa, gaskiya ne, amma rana tana cinye koren har ya koma fari, ruwan farko kuma yana ruɓar da shi. Ko a rumfar ne, a rufe. Wurin ya yi nesa da murhu.

Aikin gida: saniya mai nauyin kilo 250 tana cin kamar kilo 6 na busasshiyar ciyawa a rana. Auna daminka ɗaya a sikeli. In ya kai kilo 12, dami nawa saniya ɗaya za ta ci daga farkon Maris zuwa ƙarshen Mayu, wato kwana 92? Rubuta amsar a littafinka, ka zo da ita aji.