Kalmar "strike" a labaran Birtaniya: jagora ga sabon zuwa

Wanda ya sauka Birtaniya domin karatu ko aiki ba zai yi mako guda ba sai ya ci karo da kalmar "strike" a allon tashar jirgin ƙasa, da shafin wasanni, da kanun labaran yaƙi, kuma kowane wuri da abin da take nufi. Yawancinmu mun zo da ma'ana guda daga gida, wato yajin aiki, saboda yadda ta zauna a kunnenmu albarkacin ƙungiyar ASUU. Wannan ma'ana tana nan daram, kuma ita ce ta fi taɓa harkokin yau da kullum. A watan Yunin 2022 ma'aikatan jiragen ƙasa na ƙungiyar RMT suka shiga yajin aikin da aka yi kusan shekara 30 ba a ga irinsa ba, sannan a Janairun 2024 ƙananan likitoci a Ingila suka yi kwana 6 a jere ba su fita aiki ba. Doka ta wajabta sanar da ranakun tun da wuri, saboda haka ya kamata a duba shafin intanet na National Rail, mai nuna jadawalin jiragen ƙasa, kafin a sayi tikiti, mai ganin likita kuwa ya tafi a ranarsa muddin asibiti bai aiko masa da saƙon ɗagewa ba.

A fagen ƙwallon ƙafa kalmar ta koma asalinta na bugu. Ɗan wasan gaba shi ne "striker", kamar Ahmed Musa da Leicester City ta ɗauko daga CSKA Moscow a 2016, kuma idan mai sharhi ya ɗaga murya ya ce "what a strike", yabo yake yi wa bugu mai ƙarfi da ya faɗa raga, galibi daga nesa. Inda aka fi rikicewa shi ne wasan kurket da ke cika rediyo lokacin zafi: idan aka ce ɗan wasa yana "on strike", ba yajin aiki yake yi ba, ana nufin shi ne riƙe da sanda yana fuskantar mai jefa ƙwallo. Sanin wannan yana da amfani, domin da hirar wasa ake buɗe baki a wuraren aiki da safiyar Litinin.

Ma'anar da nake so sabon zuwa ya fi lura da ita ita ce ta yaƙi. "Air strike" hari ne da jirgin sama, "drone strike" kuma hari da jirgi marar matuƙi. Kalmar gajera ce, tana shiga kanun labari ba wahala, kuma kakakin soja yana son ta saboda tana nuna an bugi wani wuri ba tare da ta ambaci waɗanda ke ciki ba. Idan aka ƙara mata "precision" ko "surgical", mai karatu sai ya ɗauka bam ɗin ya zaɓi mai laifi shi kaɗai. Mu da muka fito daga Arewa mun san ba haka abin yake ba. A daren 3 ga Disambar 2023 jirgin sojan Najeriya marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, hukumar NEMA ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu, da yawansu mata da yara. Da kalmomin "air strike" da "drone strike" jaridun Turanci suka ba da labarin.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata ido ya saba da shi. Sau da yawa idan rundunar gwamnati ce ta kai farmaki a kan rubuta "strike", idan kuwa ƙungiya mai ɗauke da makamai ce sai a rubuta "attack" ko "bombing", alhali a Hausa duka hari ne, kamar yadda ake ji a Sashen Hausa na BBC. Shawarata ita ce kada a tsaya a kanun labari, a gangara ƙasa inda ake faɗin adadin waɗanda suka mutu, a duba ko fararen hula ne, sannan a lura da wanda ya ba da adadin: soja ne, asibiti ne, ko mutanen garin da suka binne 'yan uwansu.