Darasi na Bakwai: Goge Katako da Injin Samfefa

Injin samfefa yana gama aikin da hannu zai wuni yana yi a cikin ɗan lokaci kaɗan, amma saurin nan nasa shi ne ke ɓata katako idan mai riƙe da shi ya yi gaggawa.

Kowace samfefa tana da lamba a bayanta. Ƙaramar lamba, kamar 60 ko 80, ita ce mai kaushi, wadda ake cire tsohon fenti da sawun zarto da ita. Daga nan sai a koma 120, a ƙarasa da 180 ko 220 kafin a shafa fenti ko banish, wato man da ke sa katako sheƙi. Kada a tsallake daga 60 zuwa 220, domin samfefa mai laushi ba ta iya share karcen da mai kaushi ta bari, kuma karcen zai fito fili da zarar an shafa banish. Kafin a canja samfefa, wajibi ne a zare filogi daga soket.

A duba katakon da kyau, a cire duk ƙusar da ta leƙo ko a nutsar da kanta, saboda tana yaga samfefa, tana kuma iya fitar da tartsatsin da zai kama garin katako. Sai a matse katakon a kan teburin aiki yadda ba zai motsa ba, a riƙe injin da hannu biyu, a riƙa tafiyar da shi a hankali ana bin tsawon jijiyar katakon, wato layukan da ke kwance a jikinsa. Masu koyo da yawa sukan danne injin da ƙarfi, alhali nauyinsa kaɗai ya wadatar. Dannewa tana ɗumama shi, tana kuma barin kwari a fuskar katakon. Akwai wata dabara mai sauƙi: a yi zane-zane da fensir a duk faɗin katakon, a ci gaba da gogewa har zanen ya ɓace baki ɗaya, wannan ne zai nuna cewa babu wurin da aka bari.

Ƙurar katako ta fi komai bukatar kulawa, domin ba a jin illarta nan take. Shaƙar ta shekara da shekaru tana jawo asma, kuma ƙurar itatuwa masu tauri tana iya haddasa ciwon daji a cikin hanci. Saboda haka a sa takunkumin tare ƙura da tabarau, a yi aikin inda iska ke shiga, a zubar da jakar ƙurar injin kafin ta cika. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, don haka kada a goge shi a tsakar gida inda suke wasa.

A naɗe hannun riga, a ajiye babbar riga a gefe, a kawar da wayar injin zuwa bayan mai aiki, kuma kada a yi aiki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan aka ɗauke wuta ana cikin aiki, a kashe makunnin injin nan take, domin idan aka dawo da ita zai tashi da kansa, ya zabura daga kan tebur. Bayan an kashe shi, a jira ya tsaya cak kafin a ajiye shi.